Abin da Kifin Baba Ya Haɗiye

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kada ki yi dariyar girman rubutun nan, biron ne ba shi da kirki.

Kin san tun da na rufe shagon gyaran agogo nake bin masu fasa farin dutse a bayan gari. Dutsen falle-falle yake, in ka ɗora cizal a gefe ka ƙwanƙwasa sai ya buɗe kamar littafi, wani sa'in ka tarar da kifi kwance a ciki, ƙaya da wutsiya duk sun zama dutse. Wai wurin ruwa ne tun ba a halicci mai kamun kifi ba. To, na samu wani mai tsawon tafin hannu, cikinsa a kumbure. Da yatsa na ji tudun. Wani abu ya haɗiye kafin ajali ya riske shi, kuma wallahi son sanin abin nan ya hana ni sakat. Ina kankare shi da allura, sannu a hankali.

Ki gaishe da kowa.
Babanki

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Biron ba shi da laifi, ni na saya muku shi. Likitan ido ya sake tambayata yaushe za ku zo a cire yanar nan. Ya ce in ta ƙara kauri aikin zai yi wuya, wataƙila ma ganin ya tafi ke nan. Sau nawa ana sa rana kuna cewa ƙafa ke ciwo? Ƙafar da ke hawa tudun duwatsu kullum!

Amma ku gaya mini, Baba, yaya kifi zai mutu bai ruɓe ba? Tambayar ta tsaya mini a rai tun jiya.

'Yarku, Auta

Auta,

Na ga saƙonki, Allah ya yi miki albarka. Laka ce ta rufe shi da wuri, ba abin da ya samu damar cinye shi, sai lakar ta daskare a kansa.

Maganar likita kuwa, ni da na yi rayuwata ina buɗe cikin agogon mutane na san ba duk abin da aka buɗe ke komawa daidai ba. Tsoro nake ji, na faɗa miki gaskiya, kada ki gaya wa yayyenki.

Ga dutsen nan na ba direban motar kaya, a naɗe cikin tsohon bargo. Na gama kankarewa, amma hasken ɗakin nan ya lalace. Na haɗa miki da gilashina na duba agogo. Ki duba ki rubuto mini abin da ke cikin, dalla-dalla. Maƙwabcina tela ya ce tsakuwa ce, na ce masa ya tsaya a kan zarensa.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Dutse ya iso lafiya. Na ɗora shi a teburin ɗakin girki kusa da taga, na sa gilashin a ido, har girkina ya ƙone ban sani ba. Ashe haka kuke jin daɗi ku kaɗai! Ƙayoyin nan sirara kamar gashi, kowace a mazauninta.

Sai dai akwai abin da zan faɗa, ku yi haƙuri da ni. Kifin ba shi da wutsiya, Baba. Kun kankare ta. Ga sawun allurarku nan a inda take, har kun shiga ƙashin bayan kaɗan. Na zauna na yi kuka, ba don kifin ba, don na tuna hannun da ke ɗaukar ƙusar agogo da ko ganinta ba na yi.

Cikin kuwa Allah ya tsare, allura ba ta yi ɓarna a can ba. Na ga abin da ya haɗiye. Ba tsakuwa ba ce, ku gaya wa tela. Maigidana da ya leƙa sai da ya yi salati, ya ce a ba shi kujera. Amma ba zan rubuto ba, kuma dutsen ba zai dawo ba. Ku kuka tono shi, ba ni ba, bai kamata ku ji labarinsa a bakin wani ba. Ɗakin baƙi a share yake, asibitin kuma a ƙarshen layinmu.

Ku yafe mini rashin kunyar.
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Taurin kan nan ba a wajen uwarki kika ɗauko shi ba, na sani.

Tun da aka karanta mini takardarki ban taɓa allura ba. Ina nan tafe a motar safe. Ki ce wa likita ya fara da idon dama, da shi nake sa gilashi. Ki rufe dutsen da ƙyalle, kuma ki ja wa mijinki kunne, in ya kuskura ya faɗa mini a tasha, a motar zan koma.

Babanki