Majefi na Uku

Angaur, Mayu 1987

Zuwa ga Yaya Ilebrang,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki, kuma ƙafar nan ta daina damunki. Mu nan lafiya lau, sai dai birai sun sake tone mana rogon bayan gida, har da wanda kika shuka kafin ki koma Guam. Za ki sami wannan takarda manne a murfin kular kifin da ɗanki Sumang ya aiko miki.

Bayan haka, kin san gasar tsibirai ta yakyu, wasan ƙwallon sandan nan, tana tafe a Koror, kuma har yau ni ne mai horar da yaran nan, don babu mahaukacin da ya yarda ya karɓe ni. Wasannin a jere suke, shi ya sa nake bukatar majefa uku da za su riƙa buɗe wasa bi da bi, kowa da ranarsa. Biyu babu gardama a kansu. Siang yana jifa kamar ya yi faɗa da mai cafewa. Moros kuwa ƙwallonsa lanƙwasa take yi, ta bar mai sanda yana dukan iska.

Gurbi na uku ne ya hana ni jin daɗin abinci. Akwai Tekau, bahagon saurayin nan na gidan bayan coci. Siriri ne, amma inda ya nufa nan ƙwallon take zuwa, kuma ba ya gajiya. Sannan ga Sumang.

Ba sai na tuna miki ba, tun zamanin Japanawa ɗan gidanmu ne ke hawa tudun jifa ya buɗe wa tsibirin nan wasan farko. Kawu Ngiraibai ya yi, ni na yi, Sumang ya karɓa daga hannuna. Dattawan da ke zama a rumfar bakin tasha ba su ce mini komai ƙiri-ƙiri ba, kin san halinsu. Ɗan aike suka turo ya raɗa mini a kunne, wai sun ji ana wata magana amma ba su yarda ba.

Sumang ɗanki ne, ke ce kuma babba a gidan. Abin da kika ce shi zan yi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Haruo

*

Guam, Mayu 1987

Haruo,

Na gaishe ka, na gai da iyalinka. Ƙafa da sauƙi. Biran nan kuma laifinka ne, tun yaushe nake cewa ka gyara shingen.

Takardarka ta iso tana ƙarni. Na karanta, na sake karantawa, ban ga inda ka faɗi komai ba. Tun kana yaro haka kake, in an aike ka gidan maƙwabta sai ka zagaye tsibiri. Ka yabi Siang, ka yabi Moros, har bahagon nan ya sami rabonsa. Da ka zo kan ɗana sai ka koma ba ni tarihin Kawu, kamar ba ni ce na riƙa wanke masa rigar wasa ba.

To bari ni in faɗa maka abin da na gani. Kifin Sumang na mashi ne tun yana ƙarami, huda ɗaya a bayan kai, har maƙwabtana a nan sun san shi da ita. Wannan kular da wadda ta riga ta, babu huda a jikin kifi ko ɗaya. Shatin taru ne a wuyansu. Sumang ɗin da ke cewa taru aikin tsofaffi ne da malalata? Na zauna a gaban kular nan hankalina a tashe, har ƙanƙarar ta narke ban gyara kifin ba.

Mutumin da ya daina ɗaga mashi, me ya sami hannunsa? Ka ba ni amsa a miƙe, ban da zagaye-zagaye.

Kuma kada ka yanke komai sai ka ji daga gare ni. Sunan gidanmu ba abin wasa ba ne.

Yayarka,
Ilebrang

*

Angaur, Yuni 1987

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kin ce a miƙe, to ga shi a miƙe.

Kafaɗarsa ce ta dama. Uchel, mai cafe mana ƙwallo, shi ya fara ja na gefe ya ce, "Koci, in Sumang ke jifa tafina ya daina zafi fa." Na ce ya rufe mini baki. Daga baya matar Sumang ta tare ni a hanyar gonar gwaza, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Kawu, duk washegarin da ya yi jifa ni nake sa masa riga." Na je wajen ma'aikaciyar jinyarmu. Ta ce ta gaya masa tuntuni, in ya sake jefa cikakken wasa yana iya rasa ɗaga hannun nan har abada, ba ƙwallo ba mashi. Shi ya roƙe ta ta yi shiru.

Na so in jira ki kamar yadda kika ce. Amma teku ta ɓaci, direban jirgi ya ce tafiya ɗaya zai yi kafin gasar, kuma da shi sunayen 'yan wasa za su tafi. Har na kira ɗan aike zan tura wa Sumang, yadda aka saba, sai na ji kunyar kaina na sallame shi. Na tafi da ƙafata, na same shi da rana a rumfar jirginsa yana ɗinkin taru.

Na ce, "Rataye mini jakar nan a ƙusar can ta sama."

Ya ɗauka da hagu.

Na ce, "Da dama."

Yaya, hannun bai wuce kunnensa ba. Gumi ya keto masa, amma sai ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ranar wasa zai sake. Kullum haka yake yi, sai ya ɗau zafi."

Na ce, "Ya ɗau zafi, gobe kuma matarka ta sa maka riga."

Ya ce, "Ita ta kai ƙarata?"

Na ce, "Kifinka ne ya kai ƙararka har Guam."

Ya zauna a kan bokiti. Na ce masa ba zai buɗe wasa ba, ba kuma zai karɓi kowa a tsakiyar wasa ba, Tekau ne na uku. Sai Sumang ya ce, "Inna ta yarda?" Na ce kin ce in jira, ni ne ban jira ba. Bai ƙara cewa uffan ba, kuma har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Dattawan rumfa kuwa, in na zo wucewa sai kowa ya shiga neman abu a jakarsa.

Tun da aka haife ni ban taɓa tsallake maganarki ba sai yau. Na yanke abin da Kawu Ngiraibai ya bar mana, a hannuna ya tsaya. In kin ce kada in ƙara zama kusa da ke a taron dangi, na ji, ba zan yi musu ba. Amma ba zan iya tsayawa a bakin fili ina kallon hannun yaron nan yana mutuwa ana tafi ba.

Ina jiran hukuncinki.
Ƙanenki,
Haruo

*

Guam, Yuni 1987

Haruo ƙanena,

Gaisuwa, da godiya ga Allah. Kai dai sakarai ne, amma yau sakarcinka ya yi mini rana. Na karanta takardarka a tsaye, na yi kuka, na yi dariya, har maigidan ya leƙo yana tambaya ko wani ne ya mutu. Na ce a'a, wani ne ya tsira.

Me ka ɗauka nake nufi da sunan gida? A ce gidanmu ya nakasa ɗansa don tsofaffin rumfa su sami abin hira? Na ce ka jira ne don ina neman hanyar da zan roƙe ka ka cire shi, ba tare da an ce mace ta shiga aikinka ba, ko an ce uwa ta kunyata ɗanta. Na rasa yadda zan fara. Kai kana can kana tsorona, ni ina nan ina jin nauyinka, yaro kuma yana tsakiya da hannu a kumbure. Wallahi mun cancanci bulala mu biyun.

Maganar dattawa ka bar mini. Mu mata muka zaɓe su muka ɗora su a kujerun nan, kuma sun san haka. Na riga na aika wa manyan matan sauran gidajen. Kafin jirgi ya tashi za ka ga sun daina neman abu a jaka.

Bahagon nan ka sa matarka ta riƙa ba shi gwaza da kifi, kada iskar Koror ta ɗauke mana shi a kan tudu.

Abu ɗaya ne ya rage mini a rai, shirun Sumang. Na ɗauki biro zan rubuta masa na ajiye, ban san me zan ce ba. In ya riƙe mu a zuciya, to ya riƙe, da hannunsa biyu dai zai riƙe.

Wurin zamanka a taro yana nan inda yake. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Ilebrang

*

Koror, Yuli 1987

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ina gai da Baba da yara. Kin san ni da rubutu, kada ki yi mini dariya.

An gama gasa jiya. Ba mu ɗauki kofi ba, amma ba mu ji kunya ba. Tekau ne ya buɗe wasan farko. Na zauna kusa da shi a benci ina gaya masa wanda ke tsoron ƙwallon da ke matsowa jikinsa da wanda ke gaggawar kai duka. Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Gobe Kawu zai raka ni babban asibiti a duba kafaɗar.

A jirgi ya nuna mini takardarki, na ga inda kika ce shiruna ya dame ki. Inna, ba fushi na yi ba. Ranar da Kawu ya ce ya cire ni, ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi shiru ne don kada in buɗe baki ya ga murna a fuskata, ya ce ɗan gidanmu ne ke murnar an zaunar da shi.

Tun bara nake roƙon Allah wani ya ce mini in zauna. Ni ba zan iya faɗa da bakina ba, don na ɗauka ke ce za ki ji kunya.

Ki yafe mini.
Ɗanki,
Sumang