Wayar Marigayi Tana Hannun Wani, Kuma Ita Ce Makullin Gidana

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin da ya haɗa mana kayan tsaron gida a Gure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Ni mace ce mai takaba, ba ni da halin zuwa Damagaram in tsaya gabanka, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. Na kira biro ɗinku, wato ofishinku, har na gaji, kowane kira sai a ce in yi haƙuri.

Bara maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko yaranku suka sa mana kyamara uku, da ƙofar ƙarfe mai buɗewa da waya, da injin da ke hawar da ruwa tanki. Ɗan kasuwa ne, yau yana Damagaram gobe yana Diffa, ya ce yana so ya riƙa ganin gidansa ko yana ina. Ma'aikacinku ya yi ta alfahari wai komai a haɗe yake, komai a waya ɗaya. Na tambaye shi ko za a sa a tawa wayar ma, ya yi dariya ya ce ai gida na maigida ne. Na bar maganar, ga shi yau sakamakon hakan nake gani.

Na farko. Alhaji maigidana ya rasu a hatsarin mota a hanyar Damagaram. An kawo mana gawarsa da hularsa da takalminsa, amma babu wayar, babu makullansa. Jandarmomi sun ce ba su gani ba. A cikin makullan nan ne akwai ɗan makullin hannu guda ɗaya tak da kuka bayar na ƙofar.

Na biyu. Bayan sadakar bakwai, ina zaune tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa, sai kyamarar da ke bisa ƙofar kicin ta juyo a hankali ta tsaya daidai kaina. Washegari ƙofar waje ta buɗe da kanta da azahar, babu kowa a bakinta. Wani yana riƙe da wayar nan, yana gwada ta. Ban san ko wane ne ba, ban san ko yana Gure ba, amma shi ya san ɗakin da nake kwana.

Na uku. Ƙanin mijina ya ce a cire wa akwatinku mai sarrafa kayan nan wuta kowa ya huta. Da ya cire, ƙofa ta kulle kanta, ruwa ya ɗauke, masu ta'aziyya daga Kelle suka wuni a rana a waje, mu muna ciki. Dole muka mayar. Da ya je biro ɗinku, aka ce masa ba a canza komai sai mai gidan ya zo da kansa, ko a aika lambobin sirri zuwa wayarsa. Ya nuna takardar mutuwa, aka ce tsarin bai san wannan ba. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara wannan bai taɓa jin ana mutuwa ba ne?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni ci da sha. Mun ɗaure ƙofa da sarƙa ta ciki, na lulluɓe kyamarorin da tsumma. Amma ina da 'ya, Fanna, shekararta shida. Lokacin da babanta ke tafiye-tafiye, idan ta dawo daga makaranta takan tsaya gaban kyamara ta gaishe shi, shi kuma ya kaɗa kyamarar dama da hagu daga wayarsa don ta san ya ji. Shekaranjiya na fito daga wanka na tarar ta taka turmi ta yaye tsumman, tana ba kyamara labarin abin da aka koya musu da hanyar da take bi ta dawo. Kyamarar tana kaɗawa dama da hagu. Na fizgo yarinyar har na ji mata ciwo a hannu, tana kuka wai na hana ta magana da Baba. Tsoro nake ji, Mai Girma, irin wanda ban taɓa ji ba. Na hana ta zuwa makaranta tun ranar.

Don haka ina roƙonka ka raba wayar nan da gidana yau, ba gobe ba. Ka aiko wanda zai ba ni makullin hannu, ya raba ruwa da ƙofa, ya mayar da ikon komai wayata. Ka gaya wa jandarmomi inda wayar take aiki, tunda na'urarku tana gani. Kuma duk gidan da za ku haɗa nan gaba, ku tambayi matar gidan me za ta yi ranar da maigida bai dawo ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa kasuwarka albarka, ya raya maka zuri'a. Allah kada ya nuna maka ranar da 'yarka za ta gaya wa baƙo hanyar makarantarta tana zaton kai ne.

Wassalam,
Uwar Fanna, Gure.