Karta da Ƙwallayen Dabino

Laraba da dare, watan Rajab, unguwar Ƙurban, ƙasa mai tsarki

Bayan la'asar na tarar da 'yata Maryama ta baje karta a tabarma, ta tara ƙwallayen dabino a tsakiya. Na ce, "Ke, meye haka?"

Ta fara amsawa da Larabci, sai da na harare ta ta koma Hausa. "Umma, kowa kati huɗu ne a hannunsa, biyar na ƙasa na kowa da kowa ne. Ki haɗa biyu naki da uku na ƙasa. Kowane zagaye ki ƙara ƙwallo ko ki janye. A ƙarshe a raba: mai manya rabi, mai ƙanana rabi."

'Yar shekara tara, ko inda-inda ba ta yi ba. Wai Abbanta ya koya mata, ita ke taya shi gwaji kafin Alhamis.

Alhamis ɗin da yake ce mini kafili, Balaraben da muke zaune a ƙarƙashinsa, ya ƙara masa aiki a gonar dabino! Mutumin da ya rantse mini a ƙofar masallacin Ƙuba cewa ya bar caca tun Kano. Can ma haka keken ɗinkina ya tafi, wai wasan da ake rabawa ba a faɗuwa duka.

Nan ba Kano ba ce. Iƙamarmu, takardar izinin zama, a jikin tasa take. Ran da 'yan sanda suka ritsa da su a wurin cacar, ba mai raba komai biyu, mu ukun za a kwasa.

Na zubar da ƙwallayen. Gobe Alhamis, ga shi can yana goge takalmi.