Ranar da Muryarki Ta Fito a Teburin Idi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sanyaya makwancinki, gida lafiya lau, 'yarki Rabi da yaranta lafiya, kasuwar dabbobi ma tana ci, dillanci bai kashe ni ba tukuna.

Inna, kin tafi ba ki ga wata baiwa da zamani ya kawo mana ba. Sunanta bulutut. Abu ne mai albarka ƙwarai: ba igiya, ba ƙusa, waya ta yi magana, wata na'ura can gefe ta amsa. Masu sayarwa sun ce ko jariri zai iya haɗawa. Ni dai da gemuna na kusa yin kuka.

Kin tuna tsohuwar wayata da kike aiko mani saƙon murya? Ta faɗa kwamin shayar da shanu a kasuwa. Ta farfaɗo, amma ta kurmance ta bebance, ramin da ake soka mata igiya kuma ya ci tsatsa. Duk muryarki tana ciki, ba ni da ita ko'ina sai nan. Kullum na ga hasken fuskar wayar yana raguwa sai gabana ya faɗi.

Malam Hamisu, mijin Rabi, ya kawo odinatensa ta lakwal, wato kwamfutar makaranta, ya ce ta bulutut za mu jawo muryar, ta fito a can mu naɗe ta. Muka shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar.

Na kunna bulutut ɗin wayata, ya kunna nasa. Odinate ta yi ta lalube, ta gano wayoyin rabin unguwa, har da ta wani mai suna Sarkin Gayu, tawa ce kawai ba ta gani. Ashe sai an ce wa waya ta fito fili. Da suka ga juna, kowace ta kawo lamba, aka ce mu duba ko sun yi daidai. Na ce wanga ai aikina ne, mai saye da mai sayarwa su yarda, a tafa. Muka tafa. Aka rubuta sun haɗu.

Na danna saƙonki. Shiru. Muka ƙara murya a waya, muka ƙara a odinate. Shiru. Muka kashe su duka muka sake tadawa. Hamisu ya matso da su har suna gogar juna kamar awaki cikin mota. Layin saƙon yana tafiya, alamar kina magana, mu ko tari ba mu ji ba. Na sake dannawa, na kuma sakewa.

Sai ga Idi mai shayi ya tsallako titi da ludayi a hannu, ko sallama babu.

Ashe, Inna, tun bara na taɓa haɗa wayar da baful ɗin Idi, wancan babban lasifikar da yake kunna wa masu shan shayi labarai. Kin san saniyar da aka sayar, a kwance ta da yamma ta miƙe sai tsohon garkenta? Haka wayata ta yi. Ta gaisa da odinate don kunya, muryar kuwa ta kai gidan da ta saba.

Kuma cikin duk saƙonninki, wanda na yi ta dannawa shi ne wanda kike cewa: “Kai, ka dawo gida ka ci tuwo. Ka bar zaman teburin Idi, shayin nan nasa ruwan wankin kofi ne aka nuna wa ganye daga nesa.”

A baful ɗinsa, Inna. Gaban masu sayensa. Ba sau ɗaya ba.

Na tashi zan ba shi haƙuri, sai na ga idonsa ya kawo ruwa yana dariya. Ya ce: “Allah Ya jiƙan Hajiya, ko can ba ta ƙyale ni ba.” Ya ce wani tsohon Bafillace daga Azagor ya ajiye kofi ya tambaya ko mai muryar nan ba mai fura ta bakin kasuwa ba ce. Da aka ce kin rasu, ya ɗaga hannu, duk teburin suka yi maki fatiha.

Gyaran ashe ba wuya. Hamisu ya shiga wayar ya ce mata ta manta da baful, Idi ya kashe nasa, muka sake haɗawa. Sai ga ki a zaure, tar, har da kukan zakaranki a baya. Rabi ta fito daga cikin gida da hannu duk gari, ta tsaya bakin ƙofa tana sauraro. Mun naɗe su duka, babu wanda ya ɓace. Yanzu wayar ta mutu in ta ga dama.

Allah Ya gafarta maki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu cikin rahamarSa. Amin.

Ɗanki,
Sale dillali, Dakoro

Af, na manta. Tun ranar shayin Idi ya yi kauri, har madara yake zubawa ba a roƙa ba. Mu da muke raye, me muka yi ta yi da bakinmu duk shekarun nan?