Littafin Senka da ka ɓoye

Baba,

Na tafi aiki kana barci. Na ga littafin jikarka Senka inda ka ɓoye shi jiya, a bayan kwalaben barkono. Ka ce 'yar shekara biyar ba ta isa jin labarin da kaka ke mutuwa a cikinsa ba. To, ai tata kakar ta rasu, kullum sai ta tambaye ni ina ta tafi. Ka yi haƙuri, yau zan karanta mata shi har ƙarshe.

Mai kaurin nan na kan tebur naka ne, labarin wani mai kiwon zuma da ya rasa matarsa. Ka karanta, kada ka fake da ciwon ido. Wata uku ke nan ba ka ambaci sunan Mama ba.

Biljana