Awon Ƙafar Dama

Kurmin Sarki, Suleja.
Agusta.

Zuwa ga Yaya Irmiya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Maman Debora da yara duka. Yaya ruwa, yaya aikin gona? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka.

Na ga gara in rubuta in ba direban Zonkwa ya kawo maka, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Tun muna yara haka kake, girma bai rage komai ba.

Abin da ka ji gaskiya ne. Gyambon da ke gindin babban yatsana na dama ya ƙi warkewa. Allura na taka a shago ban ma ji ba, ka san yadda ciwon suga yake kashe ƙafa. Likita ya tura ni hoto, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura tana ƙara kamar injin niƙa. Yarinyar da ke aikin sunanta Bukola, Bayarabiya ce haihuwar Suleja, Hausarta ta fi tawa da taka. Da na nace sai na ga abin da aka ɗauka, ta jawo mini kujera kusa da kwamfuta. Yaya, na ga ƙasusuwan ƙafata a jere, na ga wani wuri ya yi fari kamar an zubar da koko. Nan ne ciwon ya shiga ƙashi.

Sai ta kama ɗan abin nan da suke ja a kan tebur, mawus suke ce masa, ta bi gefen farin tana ɗiga alama har ta zagaye shi, kamar yadda nake bin yadi da alli kafin in sa almakashi. Tana rufe zanen kwamfuta ta fito da tsawonsa da faɗinsa. Ta faɗa mini a santimita, na ce ta yi mini magana da inci, ni tela ce. Inci ɗaya da kwata.

A kan inci ɗaya da kwatan nan likita ya ce a yanke mini gaban ƙafa. Na dube shi sama da ƙasa, na ce masa ƙafar nan ita ke taka keken ɗinki tun kafin a yaye shi, ita ta riƙe ni tun rasuwar mijina Yusufu, ba kuma zan ba da ita don wani farin tabo a gilashi ba. Muka ja, muka ja, har muka yi yarjejeniya. Zai sa ni a allurai masu ƙarfi, bayan wata biyu a sake hoto a sake awo. In ya ragu, ƙafata tawa ce. In ya ƙaru, in sa hannu. Na yarda ne don na san zai ragu.

Kai ma kada ka yi murna, maganar in dawo gida a ɗaura mini ganye ban karɓe ta ba. Ina da anko na mata goma sha a shago, ga rigar auren Debora da na yi alkawari. Ka gaya mata ta daina cin tuwo da yawa, na riga na auna ta.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Taka ƙanwa,
Hannatu.

Kurmin Sarki, Suleja.
Oktoba.

Yaya Irmiya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku da ta Maman Debora. Na ji an fara yankan masara, Allah ya sa albarka. Saƙonka ya iso, da ƙullin garin maganin. Na gode. Yana nan a kan taga ban kwance ba.

Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Na sha alluran nan har hannuwana suka ƙare wurin sokawa. Na bar shayi mai suga, na bar burodi, matan zumuntar cocinmu suka yi ta zuwa suna addu'a. Maƙwabciyata Daso ma ta so ta kai ni wurin wani mai magani a Izom, na ƙi. A idona gyambon ya tsuke, har na fara shirya abin da zan faɗa wa likita.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na yi dabara. Na lura duk abin nan a hannun Bukola yake. Gefen farin ba kamar bakin tebur ba ne, yana dusashewa a hankali, kuma inda ta ga dama ta ɗiga alama nan kwamfuta za ta ƙidaya. Na ɗinka mata doguwar riga ta atamfa mai kyau, da ido kawai na auna ta, na kai mata ranar hoto. Ta yi murna, ta yi godiya. Da muka zauna sai na ce mata ta ɗan shigo da zanen ciki, ai ba wanda zai sani. Na zaci za ta yi fushi ko ta mayar mini da rigar. Sai kawai ta turo mini mawus ɗin, ta ce tunda ni ce gwanar awo, in zagaye da hannuna.

Na kama. Da farko abin yana ta zille mini, daga baya hannuna ya gane shi. Na bi can ciki, na bar duk inda ya dusashe a waje, na matse zanen iya matsewa. Ƙwange na yi, ƙwange na gaske, Bukola tana kallo. Na rufe zanen. Kwamfuta ta ce inci ɗaya da rabi.

Ka gane, Yaya? Da satar da na yi da komai, sai da ya fi na farko.

Na tuna matan da ke zuwa awo suna tsuke ciki suna riƙe numfashi. Ina ganinsu ina dariya a raina, don na san ranar biki zif ba zai rufu ba, kuma ni za su zaga. Ashe ni ma haka nake. Na ce ta goge, na sake bi a kan gaskiya, duk inda fari ya taɓa. Inci biyu da rabi. Ta jera hoton Agusta da na yau gefe da gefe, na ga da idona ya bar yatsa ya nufi tsakiyar ƙafa. Likita ya ce in ya kai diddige, ba gaban ƙafa za a yi magana ba, daga gwiwa ne.

Na yi kuka a gaban yarinyar nan, ban ji kunya ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma na sa hannu.

Na san abin da za ka ce, ka riga ka faɗa a saƙonka, wai a gidanmu ba a kai mutum kabari da guntun jiki, yadda Allah ya kawo shi haka ake mayar da shi. Na ji. Baba ma haka ya ce lokacin da ƙafarsa ta yi baƙi, ku kuma kuka ce ya yi daidai. Ni ce na riƙa wanke masa ita, ni na san warin ɗakin nan. An binne shi da yatsunsa goma cif, bai ga jika ko ɗaya ba. Ni ina so in ga 'ya'yan Debora. Kada ka turo kowa ya zo ya ɗauke ni, ba zan shiga motar ba.

Ka sa ni a addu'a ko da kana fushi.

Ƙanwarka,
Hannatu.

Kurmin Sarki, Suleja.
Disamba.

Yayana,

Barka da sanyi, barka da shirye-shiryen bikin Debora. Ina fata kana lafiya. Ba daga bakinka na ji ba, tunda ka daina ɗaukar wayata, amma Maman Debora ta ce kana cin abinci, ciwon bayan ma da sauƙi. Na gode wa Allah.

An yi aikin. Yatsun sun tafi duka da ɗan abin da ke bayansu, diddigena yana nan, idon sawuna yana nan. Kafin a sallame ni aka sake hoto. Bukola ta zo sanye da rigar da na ɗinka mata, ta zauna mata ɗas, ta sake turo mini mawus ta ce in nemo farin in zagaye. Na duba sama, na duba ƙasa, na sa ta ƙara girman hoton. Ban sami abin zagayewa ba. Ban taɓa jin daɗin rasa aiki irin na ranar ba.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. An gaya mini ka ce gara in zauna a Suleja in huta, kada in wahalar da kaina zuwa biki. Yaya, ni da kai ciki ɗaya muka fito, na san hutun da kake nufi. Ba ka so dangin ango su ga gwaggon amarya tana ɗingishi da sanda, a yi ta nuni ana cewa ga wadda ta bari aka yanka ta. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, ya fi wuƙar likita zafi, don ita an yi mini allurar barci.

To, ina zuwa. Na riga na kama kujerar gaba a motar Zonkwa. Wani mai gyaran takalmi a Tafa ya yi mini takalmi na musamman, ya cusa soso a gaba. Zan shiga coci da ankon zumunta, zan zauna a layin dangi, in aka buga ganga kuma zan tashi, ko da a tsaye ne wuri ɗaya. Wanda ya tambaya zan tuɓe takalmin in nuna masa. In kana jin kunya, ka kalli wani gefen.

Ga rigar Debora nan a hannun direba, a cikin leda biyu, kada a ɗora mata kaya. Da ƙafar hagu na ɗinka ta. Kwanakin farko keken yana ta komawa baya yana tsinka zare, na zage shi, na zagi ƙafar, har suka saba da juna. Ka sa ta ta gwada a gabanka. Ka juya rigar ciki waje, ka bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ka nemo mini inda ya karkace. In ka samu, na yarda in zauna a gida.

In ba ka samu ba, ka zo tasha da kanka ka tarye ni, don jakata tana da nauyi.

Ni ce dai ƙanwarka, ba a rage komai a wannan ba,
Hannatu.