Kaset ɗin da Ya Maƙale a Motarka

Zuwa ga Baban Amira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta mata ga mijinta, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Amira da Sadik suna lafiya, sun koma makaranta. Ni ma na fita takaba, na koma ofis.

Labarin motarka na zo ba ka, da kaset ɗin nan da ya maƙale a rediyonta tun bara, wanda ka haɗa da hannunka daga waƙoƙin ƙauyukan Amurka. Kai ba ka ɗaukar waƙa ɗungurungum, sai dai ka yanko wurin da ya fi taɓa ka, ka jera shi bayan ɗan'uwansa. Ni kuwa in yi ta yi maka tsiya, wai an haife ka a Zariya amma ka ƙare da kiɗan Fulanin Amurka masu malafa.

A gosulon Mararaba na koyi saurare, ba don ina so ba, sai don ba hanyar gudu. Akwai wurin da wata tsohuwa take waƙar ɗanta da jirgin ƙasa ya tafi da shi, muryarta ta karye a tsakiyar baiti, ba ta tsaya ta gyara ba. Kakan ce, "Kin ji? 'Yan zamani da sun goge wurin nan, alhali nan ne waƙar take."

Akwai kuma inda makaɗa suke sakin kayan kiɗa gaba ɗaya, a bar maza da muryoyinsu kawai. In an zo nan, ko ɗan acaɓa ya goge maka madubi ba ka tanka masa.

Sai banjo, da ka rantse jikan gurmi ne, bayi suka ƙetara teku da shi. Mun sha musu a kan wannan har ƙofar ma'aikata. Wanda ni na fi so shi ne na dattijon nan mai jita, da tsirkiya ta tsinke masa a gaban jama'a, ya yi 'yar dariya ya ci gaba da sauran. Yanzu nakan tuna da shi sosai.

Da maganar rabon gado ta taso, wanka Yaya Sale ya ce a sayar da motar a raba. Na kai ta Apo wajen mai gyaran wayoyin mota don ya ciro mini kaset ɗin, ya ce in aka ja kaset ɗin zai tsinke, sai dai a ciro rediyon baki ɗaya. Har ya ɗauko sukurudireba na ce ya dakata. Ka san ko allura ba a ɗauka daga kayan mamaci kafin a raba, balle da marayu a ciki.

Ranar zama, gaban malamin rabo da mazan gidanku, na buɗe baki na ce a saka mini rediyon a tumunina, kasona na matar mamaci. Yaya Sale ya ce ana zancen fili da mota, ni ina zancen tsohon ƙarfe. Kunya kamar in nutse, amma ban janye ba. Hajiya ce ta raba gardama, mahaifiyar taka da ta sha yi maka faɗa a kan kiɗan nan. Ta ce a ba ni, ta san abin da nake nema a ciki.

Motar ta tafi, wani ɗan kasuwar Gudu ne ya saya. Rediyon yana ɗakinmu, an haɗa mini shi da batiri, dannawa kawai ya rage. Ina kewarka, Baban Amira. Gidan ya yi mini faɗi, hanyar ofis ta yi tsawo, kuma babu wanda nake yi wa tsiya.

Amma har yau ban kunna ba. Kaset ɗin yana daidai inda ka kashe rediyon a ƙofar asibiti, da niyyar in ka fito ka ƙarasa ji. In na danna, zai wuce wurin, ya tafi ya bar ka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya mana yaran nan, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Taka har kullum,
Maman Amira